Franz Liszt: Gwanin Da Ya Sa Piyano Rera Waƙa

An haifi Franz Liszt ranar 22 ga Oktoba, 1811, a ƙauyen Raiding na ƙasar Hangari, wanda yanzu yake cikin Ostiriya. Mahaifinsa, Adam, ma'aikaci ne a gidan sarautar Esterhazy, kuma shi ya fara koya masa kiɗan piyano. A 1822 suka ƙaura zuwa Biyana, inda yaron ya yi karatu wurin Czerny da Salieri. Da suka isa Paris a 1823, babbar makarantar kiɗa ta birnin ta ƙi karɓarsa don shi baƙo ne. Mahaifinsa ya rasu a 1827, ya bar shi yana koyar da 'ya'yan mutane domin ya ciyar da kansa da mahaifiyarsa.

A 1832 ya ji Paganini yana kaɗa gogen Turawa. Abin ya girgiza shi ƙwarai, har ya koma gida yana horar da yatsunsa na sa'o'i da yawa kowace rana. Ba da daɗewa ba sunansa ya cika Turai.

A zamanin nan babu rediyo, babu faifai. Waƙa tana yaɗuwa ne idan an sami mai kai ta gari gari. Schubert ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600, amma kaɗan ne aka sani a wajen Biyana. Liszt ya ɗauki fiye da 50 daga cikinsu ya shirya su domin piyano kaɗai. Aikin ba ƙarami ba ne: abin da mawaƙi da makaɗi suke yi su biyu, shi yatsu goma za su ɗauka, kuma dole muryar waƙar ta fito sarai a kan kiɗan rakiya. Lokacin da ambaliya ta ɓarnata birnin Pest a 1838, ya yi wasanni a Biyana domin tara gudummawa, ya kaɗa waɗansu daga cikin waƙoƙin nan, jama'a kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu.

Ba kowa ya yarda da hanyarsa ba. A 1840 Robert Schumann ya tsara waƙar Widmung a matsayin kyautar aure ga amaryarsa Clara. Liszt ya shirya ta domin piyano a 1848, ya tsawaita ta, ya cika ƙarshenta da amo mai ƙarfi. Clara, wadda ita ma gwanar piyano ce, ba ta son irin wannan ado. Daga baya ta yi nata shirin, mai sauƙi, wanda ya tsaya kusa da abin da mijinta ya rubuta. Tambayar da ta raba su tana nan har yau: makaɗi bawan waƙa ne, ko kuwa waƙa ce tsanin da zai hau a gan shi?

Liszt bai bar faifai ko ɗaya ba, amma waɗanda suka biyo baya sun bari. Mai son ya koyi sauraro sai ya nemi Ständchen, waƙar saurayi ga budurwa da dare, wadda Rachmaninoff ya naɗa a 1942, Horowitz kuma ya naɗa a ƙarshen rayuwarsa. A baiti na biyu waƙar tana sauka ƙasa kamar muryar namiji. A na uku kowace jimla tana samun amsa daga sama, kamar amsa-kuwa. Ku lura ko makaɗin ya bar waƙar ta yi numfashi inda mawaƙi zai yi, ko amsar ta fi kiran taushi, ko kuma hannun hagu ya danne waƙar. Rachmaninoff yana tafiya ba tare da jinkiri ba, Horowitz kuwa yana tsayawa ya bambanta muryoyin, har mutum ya zaci makaɗa biyu ne.

A 1847, yana tsakiyar ɗaukaka, Liszt ya daina wasa domin kuɗin kansa. Ya zauna a Weimar yana tsara kiɗa, daga baya kuma ya koyar da ɗaruruwan ɗalibai kyauta. Rayuwarsa ba ta rasa tabo ba, domin 'ya'yansa uku ba ta hanyar aure ya haife su ba. Mutuwar ɗansa Daniel a 1859 da 'yarsa Blandine a 1862 ta karya masa zuciya. A 1865 ya karɓi ƙananan muƙaman Cocin Katolika a Roma, ko da yake bai zama firist ba. Ya rasu a Bayreuth ta Jamus ranar 31 ga Yuli, 1886.

Ya ku ɗalibai, musamman 'yan kwaya da masu kaɗa mana a ɗakin sujada, mutumin da babu kamarsa a kan piyano ya ba da shekarunsa yana ɗaga waƙoƙin waɗansu. Duk wanda aka ba shi baiwa zai gamu da zaɓin nan: ya sa a ji waƙar, ko ya sa a ga hannunsa.