Léon Dostert, marayan da ya sauya aikin tafinta

Mu mutanen kasuwa mun san aikin tafinta: baƙo ya faɗi tasa, tafinta ya bari sai ya dire, sannan ya maida mana da Hausa. Yau mun kawo muku tarihin mutumin da ya sa tafinta ya daina jira.

An haifi Léon Dostert a 1904 a garin Longwy na ƙasar Faransa, ya tashi maraya. Lokacin yaƙin duniya na farko Jamusawa suka mamaye garinsu, ya koyi Jamusanci. Da sojan Amurka suka iso, ya kama Ingilishi. Daga baya ya tafi karatu Amurka, kuma a yaƙi na biyu ya zama tafintan Janar Eisenhower.

A 1945 aka gurfanar da manyan ƴan Nazi gaban kotu a birnin Nuremberg na Jamus. Harsuna huɗu ne a zauren: Jamusanci, Ingilishi, Faransanci da Rashanci. Da an bi tsohuwar hanya, shari'ar sai ta ci shekaru. Sai Dostert ya zaunar da tafintoci bayan gilashi, da na'urar sauraro ta kamfanin IBM a kunne: mutum na magana, suna fassarawa nan take.

Wahalar a nan take. Kan ɗan Adam kaɗan yake iya riƙewa lokaci guda, kamar mai awo da ke lissafin canji wani na tambayar ta farashi. Tafinta na riƙe da jimlar da ta wuce, yana faɗar ta, ga sabuwa na shigowa. A Jamusanci ma kalmar aiki takan zo ƙarshen jimla, sai wanda ya saba yake hango ta. Shi ya sa da yawa cikin waɗanda suka iya harsuna sarai suka faɗi gwajinsa.

Dostert bai bar wa kai nauyin duka ba. Ya kasa tafintoci rukuni 3, kowane mutum 12, suna karɓeɓeniya. Aka sa fitila: rawaya, mai magana ya sassauta, ja, ya tsaya. Ba wasa ba ne, rayuka ke rataye a kan kalma: mutum 12 aka yanke wa hukuncin kisa a 1946.

A shekarar ce ya kai wannan tsari Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake aiki da shi har yau. Ya rasu a Bukares a 1971. Idan muka ji ana fassara jawabin shugaba kai tsaye a rediyo, mu tuna da wannan maraya.