Ibrahim Narambaɗa Tubali: Kotso da Hannun da ke Kaɗa Shi

Mu ɗaliban Hausa mun saba haɗuwa da Narambaɗa a kan takarda. Malami ya raba mana baitoci, mu zauna muna tsamo kamance da siffantawa da zambo, mu tashi ba mu ji ƙarar kotso ko sau ɗaya ba. Ni kuwa ina ganin rabin mutumin kawai muke nazari, domin makaɗi ne kafin ya zama mawaƙi.

An haifi Ibrahim a garin Tubali, wanda a da yake ƙasar Isa, yanzu kuma yana ƙaramar hukumar Shinkafi ta jihar Zamfara, a ƙarshen ƙarni na 19. Mahaifinsa Maidangwale ɗan dambe ne da asalinsa ya fito daga Filinge ta ƙasar Nijar. Kiɗa ta wajen mahaifiyarsa Riba ya biyo, domin 'yar gidan makaɗa ce. Laƙabinsa kuwa, ana ba da labarin cewa daga wata karya tasa mai suna Rambaɗa ya samo shi. Ya fara da kiɗan noma, yana zuga manoma a wajen gayya, kafin ya koma kiɗan fada, inda ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Ahmadu Bawa. A hidimar wannan gida ya yi mafi yawan waƙoƙin da muke karantawa yau.

To, mene ne kotso? Ɗan'uwan kalangu ne wajen siffa: ice ne da aka sassaƙa mai siririn ƙugu, amma fuska ɗaya gare shi, ɗaya bakin a buɗe yake. Ana liƙa nake a tsakiyar fatar domin muryarsa ta yi kauri. Kalangu da makaɗi ake bugunsa, wato ɗan lanƙwasasshen icen nan. Kotso kuwa babu wani ice tsakaninsa da mai shi, yatsu ne da fata. Ana rataya shi a kafaɗa, idan aka matse tsarkiyarsa fata ta ɗame murya ta hau, idan aka saki ta sauka.

Nan ne wurin da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, da na ƙasa, da faɗau, ga kuma dogon wasali da gajere. Abin da tsarkiya ke yi ke nan. Matsi ya ba da karin sama, saki ya ba da na ƙasa, idan kuma aka buga a matse aka sake kafin ƙarar ta mutu, faɗau ya fito. Shi ya sa basarake kan gane takensa tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Wanda bai iya Hausa da kunnensa ba, ba zai iya ta da hannunsa ba.

Saurin hannun ma ba ƙarfin damtse ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu a wajen biki a Sakwa ko Azare ya ga haka: sabon shiga yakan damƙe makaɗi kamar mai riƙon fartanya, kafin a jima kafaɗa ta riƙe, kiɗa ya fara ja da baya. Gwani kuwa riƙon sako-sako yake yi, wuyan hannu ne ke aiki, yana barin icen ya taɓa fata ya dawo da kansa. A Amurka wani mai suna Sanford Moeller ya lura da irin wannan a hannun tsofaffin makaɗan soja, ya rubuta shi a littafi a 1925: a ɗaga hannu a sauke kamar bulala, motsi ɗaya ya haifi bugu biyu ko uku. Makaɗanmu ba littafi suka karanta ba, a bayan iyayensu suka koya tun suna riƙe da kuntuku. Mai kotso kuma nasa ya fi wuya, don ba shi da icen da zai taimake shi. Yatsan da ya daɗe a kan fata ya kashe murya, wanda ya tashi da wuri ya bar ta ta yi amo, kuma dukansu biyu ana bukatarsu.

Idan ka saurari Bakandamiya, ka bar kalmomin na ɗan lokaci ka bi kiɗan. Za ka ji 'yan amshi suna kaɗawa suna karɓi a lokaci guda, ba wanda ya riga wani. Idan jagora ya shiga ɗa, kiɗa yakan lafa ya ba magana hanya, da an dawo gindin waƙa sai ya sake cika. A ganina wannan lafawar ta fi saurin wuya, kuma ita ce ta sa ake jin kowace gaɓa tasa tar, duk da cewa naɗin faifan ya tsufa. Mu da muka tashi da Guddiranci, Hausarsa ta yamma takan yi mana nauyi a karon farko. Sau da yawa kiɗan ne ke nuna mini inda gaɓa ta yi tsawo da inda kalma ta ƙare.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, Allah ya jiƙansa. Gidajen rediyo, musamman na Kaduna, su suka riƙe muryarsa har ta iso garuruwan da bai taɓa takawa ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa a cikin ayyukansa kan makaɗan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kansa a 2009, sannan a 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kan waƙoƙinsa. Mai neman batun kundin digiri, ga fili: ya ɗauki waƙa ɗaya, ya sa wa baitocinta alamar karin sauti, ya zauna da makaɗin kotso ya ga inda hannu ya bi harshe da inda ya saɓa masa.