Hehaka Sapa, Dattijon Lakota da Aka Raba Tarihinsa Biyu

An haifi Hehaka Sapa, wanda Turawa suka fi sani da Black Elk, a cikin watan Disamba na shekarar 1863 a bakin kogin Little Powder, a yankin da ya zama jihar Wayomin ta Amurka. Shi ɗan zuriyar Oglala ne ta ƙabilar Lakota, watau wani reshe na mutanen da aka daɗe ana kira Jajayen Indiyawa, waɗanda su ne Turawa suka tarar a ƙasar. Mahaifinsa da kakansa duk masu magani ne. Kalmar boka ba ta dace da su sosai ba, domin a wurin Lakota mai magani shi ne likita, shi ne kuma jagoran ibada, wanda ake sa ran zai zauna cikin talauci ya yi wa jama'a hidima.

Ya buɗe ido ya tarar da mutanensa suna bin garken ɓauna a makeken filin da ke tsakiyar Amurka. Daga ɓauna suke samun nama, da fatar da suke yin tanti da sutura, da ƙashin da suke sassaƙa kayan aiki. Ginshiƙin zamansu shi ne rukunin dangi da suke kira tiyoshpaye, masu sauka tare su tashi tare. Idan za a fita babbar farauta, akan naɗa dogarai su hana kowa yin gaban kansa, sa'an nan a ware gwanayen samari waɗanda duk abin da suka kashe na tsofaffi ne da marasa gata. Ba a auna girman mutum da abin da ya tara sai da abin da ya bayar, har ma wanda aka yi wa rasuwa yakan rabar da dukiyarsa. Sun yi imani da wani iko mai girma da suke kira Wakan Tanka, suna kuma ɗaukar dabbobi da tsuntsaye da itatuwa da duwatsu a matsayin dangin ɗan Adam, masu haƙƙin zumunta a kansa.

Yana da shekara 9 sai ciwo ya kwantar da shi, ya yi kwana 12 bai san inda yake ba. A cikin wannan hali ne, bisa ga abin da ya bayar da labari daga baya, ya ga an kai shi gaban kakanni shida masu wakiltar yamma da arewa da gabas da kudu da sama da ƙasa. Suka ba shi ƙoƙon ruwa da baka, da ganyen magani, da lofen taba, da sanda mai fitar da fure. Daga nan aka tsayar da shi a kan dutsen da ya fi tsawo a Baƙaƙen Duwatsu, ya hangi al'ummarsa kamar zobe, da itace mai fure a tsakiyarsa, ya kuma ga zoben nasu ɗaya ne daga cikin zobba da yawa da suka haɗu suka zama guda. Ya fahimci cewa an ɗora masa nauyin raya wannan itace. Yaron ya ɓoye al'amarin shekaru da dama yana fama da tsoro, sai da ya kai wajen shekara 17 ya faɗa wa wani tsohon mai magani. Aka shirya rawar dawaki inda jama'a suka kwaikwayi abin da ya gani, domin a hankalin Lakota mafarkin mutum ba shi da ƙarfi sai an fito da shi fili kowa ya samu rabonsa.

Amma kafin nan duniyarsu ta fara rushewa. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar wa Lakota mallakar Baƙaƙen Duwatsu, sai ga shi an gano zinariya a wurin a 1874, alkawari ya sha ruwa. Ranar 25 ga Yuni 1876 Lakota da abokansu suka hallaka rundunar Custer a Little Bighorn, Hehaka Sapa yana wurin yana ɗan shekara 12. A shekara mai biyowa aka kashe ɗan uwansa, jarumi Crazy Horse, iyalinsa suka gudu Kanada, yunwa ta komo da su. Ɓakanen da a dā ake ƙirga su da miliyoyi, kafin 1890 'yan ɗaruruwa suka rage a daji.

A 1886 ya shiga ƙungiyar 'yan wasan Buffalo Bill, da nufin ya gano sirrin ƙarfin Bature ko zai amfani mutanensa. Ya yi rawa a gaban Sarauniya Biktoriya a 1887, jirgi ya tashi ya bar shi a Ingila, ya zaga Jamus da Faransa tare da wata ƙungiya, bai komo gida ba sai 1889. Ya tarar an tsare mutanensa a keɓaɓɓen yankin Pine Ridge, suna jiran abincin gwamnati, sun kuma rungumi wata sabuwar rawar ibada da fatan matattu da ɓakane za su dawo. Hukuma ta tsorata da rawar. Ranar 29 ga Disamba 1890 sojoji suka kashe tsakanin mutum 250 da 300 a Wounded Knee, da yawansu mata da yara. Ya sukwano zuwa wurin ya ga gawawwakin da idonsa, kashegari kuma harsashi ya same shi a ciki.

A nan ne shahararren littafin da aka rubuta a kansa ya tsaya, alhali kuwa mutumin ya ƙara shekara 60 a duniya. Tun 1883 gwamnati ta haramta aikin masu magani da manyan bukukuwan gargajiya. Bayan rasuwar matarsa ta fari, ya karɓi baftisma ranar 6 ga Disamba 1904, aka sa masa suna Nicholas, ya zama mai koyar da addinin Katolika, yana yawo ƙauye ƙauye yana duba marasa lafiya yana binne matattu. Har yau masana ba su daidaita ba a kan ko ya saki hanyar kakanninsa ne, ko fakewa ya yi, ko kuwa a ransa bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Ra'ayi na ukun ya fi kama da mutumin da tun yana yaro ya ga zobba da yawa a cikin zobe guda.

A watan Mayu na 1931 wani marubucin waƙoƙi, John Neihardt, ya zauna da shi kwanaki da dama. Tsohon yana magana da Lakotanci, ɗansa Ben yana fassarawa, 'yar Neihardt mai suna Enid tana ɗauka da rubutun gaggawa irin na akawuna. A nan ya bayyana mafarkin ƙuruciyarsa daki daki, cikin baƙin cikin mutumin da yake ganin an ba shi amana ya kasa. Ya nuna cewa ƙarfin mutanensa yana cikin da'ira, kamar sama da sheƙar tsuntsu da zagayowar damina da rani da tantinsu na fata, kuma tun da aka zuba su cikin gidajen katako masu kusurwa huɗu ƙarfin ya zube. Littafin Black Elk Speaks ya fito a 1932, bai yi kasuwa ba sai bayan da aka sake buga shi a 1961. Neihardt bai ce uffan ba game da zaman tsohon a Katolika, abin da ya ɓata wa limaman cocin rai ƙwarai. Sa'ad da Raymond DeMallie ya buga ainihin rubutun hirar a 1984, sai ta bayyana cewa wasu daga cikin kalmomin da aka fi haddacewa, musamman na buɗewa da na rufewa, na Neihardt ne. Wannan bai zubar da darajar littafin ba, amma ya isa ɗalibi ya yi hattara da duk maganar da ta bi ta bakin tafinta kafin ta hau takarda.

Daga baya, idanunsa sun kusa rufewa, ya yi wa Joseph Epes Brown bayanin ibadu bakwai na Lakota, aka buga su a littafin The Sacred Pipe a 1953. Bai ga fitowarsa ba, domin ya rasu ranar 19 ga Agusta 1950 a Manderson. Samarin Lakota da suka tashi ba su san al'adunsu ba sun koma ga waɗannan littattafai biyu, har aka kafa dokar 'yancin addinin 'yan asalin ƙasa a 1978. A 2016 gwamnatin Amurka ta sa wa dutsen nan na mafarkinsa sunansa, a 2017 kuma cocin Katolika ta fara binciken ɗaga shi zuwa matsayin tsarkaka. Su kuwa Baƙaƙen Duwatsu, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1980 cewa ƙwace su aka yi, ta ba da diyyar fiye da dala miliyan 100. Lakota suka ƙi karɓa, suka ce ƙasar ba ta sayarwa ba ce.