Abebe Bikila, Sojan da Ya Ci Tseren Rum Ba Takalmi

Duk shekara idan gasar gidaje ta matso, gardama ɗaya ce ke tashi a filin wasa: da kambas za a yi gudu, ko kuwa a tuɓe? Masu tuɓewa na ganin takalmi nauyi ne kawai, masu kambas kuma na nuna musu tsaidau da ƙarangiyar da suka cika bakin fili. Akwai kuma waɗanda ba zaɓa suka yi ba, kambas ɗin ne babu, sai kunya ta sa su ƙi ba da sunansu. Saboda su ne filinmu na tarihi ya ɗauko muku labarin Abebe Bikila a wannan fitowa.

An haife shi ranar 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato da ke yankin Shewa na ƙasar Habasha. Ɗan makiyayi ne, ya tashi a ƙasar tuddai inda iska ba ta da kauri kamar tamu, kuma ƙafa ce motar kowa. Yana da shekara uku Italiya ta mamaye ƙasarsu. Da ya kai kimanin shekara ashirin sai ya tafi Addis Ababa ya shiga rundunar da ke tsaron Sarki Haile Selassie. A can ne wani mai horarwa da aka ɗauko daga Suwidin, Onni Niskanen, ya lura da shi ya fara koya masa gudun fanfalaki. Tsawon wannan tsere kilomita 42 ne da mita 195, wato ya fi nisan Kura zuwa birnin Kano.

A 1960 aka tafi da shi gasar Olamfik a birnin Rum. Ba wai ba shi da takalmi ba ne, kamar yadda wasu ke ba da labarin. Ya samu sabo a can, amma bai zauna masa daidai ba, har ya yi masa bororo. Sai ya zaɓi ya yi gudun yadda ya saba. Ranar 10 ga Satumba aka tashi da yamma saboda zafi, dare ya riske su a hanya, sojoji na riƙe da wutar jiniya a gefen wani tsohon titi mai shimfiɗar duwatsu. A kan duwatsun nan ya bi da tafin ƙafarsa. Can wajen ƙarshe suka rage su biyu, shi da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko. Kusa da dogon dutsen Aksum, wanda Italiya ta kwaso daga Habasha a 1937, Abebe ya ƙara wuta ya bar shi. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, lokacin da babu wanda ya taɓa yin ƙasa da shi. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinare a Olamfik, a babban birnin ƙasar da ta mamaye tasu, saura mako uku Najeriya ta samu 'yancin kai.

To, me ya sa rashin takalmin bai kayar da shi ba? Ƙafar da ta saba da ƙasa tun yarinta tana yin kanta, jijiyoyinta su yi ƙarfi, kuma babu nauyin da za ta riƙa ɗagawa sau dubbai. A 2010 wani malamin jami'ar Harvard, Daniel Lieberman, ya fitar da bincike a kan masu gudu a Kenya da Amurka. Ya gano cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaban ƙafa ko tsakiyarta, masu takalmi mai kauri kuwa sun fi sauka a kan diddige, wanda ke sa jiki ya ji bugun ƙasa farat ɗaya. Mu ma mun sha ganin haka a kan gaɓar kwatar ruwa, in yara na tsere bayan an tashi daga gonar shinkafa. Ba wanda ya koya musu.

Amma sabon ne sirrin. Da yayin takalma marasa kauri ya shigo Turai da Amurka, mutanen da suka shekara talatin cikin takalmi suka tuɓe dare ɗaya, da yawa suka ƙare da ciwon agara da tsagewar ƙananan ƙasusuwan ƙafa. Kamfanin Vibram, mai yin wani takalmi da ke da gidan kowane yatsa, har ya sa wa ɗaya sunan Bikila. A 2014 ya amince ya biya dala miliyan 3.75 bayan masu saye sun kai ƙara a kan amfanin lafiyar da aka tallata musu. Mu kuma a nan matsalarmu daban ce. Fasasshiyar kwalba da tsohuwar ƙusa na iya jawo cutar sarƙe haƙora, akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa a ƙasa mai laima, sannan kwalta a watan Afrilu ba ta da wasa. Wanda ya gama gudu ya tsoma ƙafa a ruwan kwata don ya huce, ya tuna tsargiya ta fata take shiga.

Abin da masu tuɓewa ba sa son a faɗa shi ne, Abebe da kansa ya koma sa takalmi. A gasar Tokyo ta 1964, mako biyar kacal bayan an yi masa tiyatar afendiks, ya fito da takalmin Puma da farar safa. Ranar 21 ga Oktoba ya gama cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya ba na biyu, Basil Heatley na Birtaniya, tazarar fiye da minti huɗu. Da ya tsallake layi ma bai zube ba, sai ya shiga motsa jiki a kan ciyawa jama'a na kallo. Shi ne mutum na farko da ya ci wannan tsere sau biyu a Olamfik. A gasar ce kuma Nojim Maiyegun ya ciyo wa Najeriya lambarta ta farko, tagulla a damben zamani. A ganinmu, masu kambas ma ba su ci gardamar da wannan ba, domin shekara huɗu na horo ne ke tsakanin tseren biyu, kuma hanyoyin ba iri ɗaya ba ne.

Daga nan al'amura suka juya masa. A Meziko a 1968 ciwon ƙafa ya sa ya fita daga tseren tun bai kai rabi ba, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. A watan Maris na 1969 ya yi hatsari da motarsa ƙirar Volkswagen, ƙafafun nan da duniya ta sani suka shanye. Ya yi wata takwas a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Bai sake takawa ba, amma daga kan keken guragu ya koyi harbin kwari da baka, ya shiga gasar masu buƙata ta musamman a 1970, a shekarar da ta biyo kuma ya je Norwe ya ci wani tsere a kan ƙanƙara.

Ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1973, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 41. Dubban mutane ne suka halarci binne shi a Addis Ababa, har da Sarki Haile Selassie, kuma akwai filin wasa a birnin da ke ɗauke da sunansa. Dutsen Aksum kuwa sai a 2005 Italiya ta mayar wa Habasha.