Dakta Cicely Williams, Likitar da ta Saurari Iyaye Mata

A wannan fitowa filinmu na tarihin fitattun mata ya leƙa fagen likitanci. Na san da wuya a ce kin taɓa jin sunan Dakta Cicely Williams, amma cutar da ta yi bincike a kanta kin san ta sarai. Ita ce wadda ke kama yaro bayan yaye, ƙafafu da fuska su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa, ga ƙiwuya da ƙin cin abinci. Likitoci na kiranta kwashiyoko, mu kuma muna haɗa ta cikin tamowa.

An haifi Cicely a tsibirin Jamaika ranar 2 ga Disamba, 1893. Ta yi karatun likita a Jami'ar Oxford ta Ingila, a zamanin da Yaƙin Duniya na Farko ya kwashe samari, har aka fara buɗe wa mata ƙofar wannan fanni. Ta zama cikakkiyar likita a 1923, ta yi aiki a asibitin yara a Landan, sannan ta ƙaro ilimi kan cututtukan ƙasashe masu zafi. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta turo ta ƙasar Gwalkwas, wadda yau muke kira Gana.

Shekara bakwai ta yi a can, ta yi aiki a Kumasi da Accra. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yara 'yan shekara 1 zuwa 4 da ake kawowa a kumbure, da yawansu kuma ba sa tashi. Ta duba littattafan da ta karanta a Ingila, babu wannan ciwo a ciki. To sai ta yi abin da likitocin Turawa na lokacin ba su cika yi ba: ta zauna da iyaye mata da kakanni da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa tana tambayarsu. A bakinsu ta ji cewa ai ciwon yana da suna a harshen Ga, wato kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane. Kin ga ke nan abin da mu muke cewa kwanika ko rurrutsa ne ke jawo shi. Uwa ta samu ciki da goyo, an cire yaro daga nono ba shiri, an bar shi da kokon masara zalla safe da yamma.

A 1933 ta buga ƙasidarta ta farko a wata mujallar likitocin yara ta Ingila, inda ta bayyana alamomin ciwon, ta danganta shi da cimar masara, ta kuma nuna cewa ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki, na iya zama sila. A 1935 ta sake buga wata a shahararriyar mujallar nan Lancet, ta sa mata sunan da ta ji a bakin matan Accra.

Kada ki ɗauka tafi aka yi mata. Wani babban masani a Landan mai suna Dakta Hugh Stannus ya fito ya ce babu wata sabuwar cuta, ciwon felagira ne, wanda an daɗe da saninsa a wurin masu cin masara, ita ce dai ba ta gane ba. Ga ta mace, ga ta ƙaramar ma'aikaciya a ƙasar mulkin mallaka, maganarsa ta fi tata nauyi. A 1936 aka ɗauke ta daga Gwalkwas aka mayar da ita Malaya, can nahiyar Asiya.

A nan ya kamata ki san yadda masana ke auna aikin junansu. Idan mai bincike ya buga ƙasida, ana duba masu bincike nawa ne suka zo daga baya suka kafa hujja da ita. Yawan ambaton da aka yi mata shi ne nauyinta. Ƙasidun Cicely gajeru ne, kuma sun daɗe ba a ba su haƙƙinsu ba. Amma gaskiya ɗaci gare ta, ba ta ruɓewa. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton masana biyu, Brock da Autret, kan wannan cuta a Afirka, da sunan da Cicely ta kawo. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, duniya ta ga hotunan yara a kumbure, kowa kuma da wannan suna ya kira ciwon. Yau duk ɗalibin likitanci sai ya haddace kalmar da ta fito daga bakin iyaye mata na Gana.

A Malaya ma ba ta yi shiru ba. Ta tarar ana tallata wa matalautan mata madarar gwangwani a matsayin madadin nono, jarirai na ta mutuwa da gudawa da rama. A 1939 ta yi wata lacca mai zafi a Singafo mai taken Madara da Kisan Kai. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idojin taƙaita tallan madarar jarirai.

A 1942 sojojin Japan suka ci Singafo, suka tsare ta a kurkukun Changi. Ta sha yunwa har ta kamu da ciwon beriberi na ƙarancin bitamin, amma ba ta daina kula da mata da jariran da ke tsare tare da ita ba. Bayan yaƙi, a 1948, ita aka fara naɗawa shugabar sashen lafiyar uwa da yaro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta koyar a Landan da Beirut da Amurka, ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.

Har yanzu ana gini a kan aikinta. A 2013 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan tagwaye 317 a ƙasar Malawi. An ga inda tagwaye masu kama ɗaya, ƙwayoyin gadonsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, amma ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Masu binciken sun gano cewa ƙananan halittun da ke zaune a hanjin yaro suna da hannu tare da rashin abinci mai kyau. Wato ba a ɗora laifin a kan gado ko jinin dangi, kuma tsafta da maganin gudawa suna tafiya ne tare da cima.

To 'yar'uwa, mu dawo gida. Ke da ke Bagudo ko Illo, Lolo, Ka'oje ko Tsamiya, Allah ya hore mana abin da matan da Cicely ta gani suka rasa. Ga kifin kogin Kwara, ga nonon shanu a rugage, ga wake da gyaɗa, ga zogale a bayan ɗaki. Abin takaici ne a kwashe kifi a kai kasuwar kan iyaka, yaron da aka yaye yana gida da farin koko. Ki ba jariri dakashi da zarar an haife shi, ki shayar da shi nono zalla wata 6, sannan ki fara haɗa masa da kunu mai gyaɗa ko waken suya, da garin busasshen kifi da ɗan mai. Ki ci gaba da shayarwa har shekara 2, kamar yadda addininmu ya kwaɗaitar. Idan ciki ya shiga da goyo, kada a yanke nono dare ɗaya; ki nemi shawarar ma'aikaciyar lafiya.

In kuwa kika ga ƙafafun yaro sun kumbura, ki danna bayan kowace ƙafa da babban yatsa na ɗan lokaci. Idan wurin ya lotsa a duka biyun bai taso nan take ba, wannan ba ƙiba ba ce, ba kuma aikin maye ba ne. A kai shi asibiti a ranar, domin ciwo ne mai kisa, amma yana jin magani idan an zo da wuri. Idan kin je, ki faɗa wa likita duk abin da kika lura da shi: yaushe aka yaye shi, me yake ci, yaushe kumburin ya fara. Da irin wannan bayani na iyaye mata aka gano cutar tun farko.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.