Matt Busby: Kocin da ya kai Manchester United Turai, ya dawo ba tare da yaransa takwas ba

Masu bin ƙwallon ƙafa a yau sun saba ganin ƙungiyoyin Ingila a gasar Zakarun Turai, har wasu kan ɗauka cewa tun fil'azal haka abin yake. Da aka ƙirƙiro gasar a shekarar 1955, hukumar da ke shirya lig ɗin Ingila ƙin ta ta yi, ta kuma matsa wa Chelsea, wadda ke riƙe da kambun ƙasar a lokacin, har sai da ta janye. Mutumin da ya karya wannan shinge shekara guda bayan haka shi ne Matt Busby, kocin Manchester United. Kakarsa ta biyu a gasar, wato ta 1957-58, ita ce ta raba rayuwarsa gida biyu, kuma sai an san abin da ya faru a cikinta ake gane ko wane ne shi.

An haifi Alexander Matthew Busby ranar 26 ga Mayu, 1909, a ƙauyen Orbiston da ke kusa da Bellshill a Scotland, yankin da yawancin magidanta a ramin haƙar kwal suke neman abinci. An kashe mahaifinsa a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa a 1917, yaron bai cika shekara takwas ba. Shi ma da ya tasa ramin kwal ɗin ya shiga. Mahaifiyarsa ta fara shirin ƙaura da iyalin zuwa Amurka, ana cikin jiran takardun tafiya Manchester City ta ɗauke shi a 1928, tafiyar da bai yi ba ke nan. Ya yi shekara takwas a City yana buga tsakiya, ya ci Kofin FA da ita a 1934, sannan ya koma Liverpool a 1936, inda ya zama kyaftin. Abin dariya ne ga mai bin adawar waɗannan ƙungiyoyi a yau: mutumin da ya gina United, a wajen manyan abokan hamayyarta biyu ya yi ƙuruciyarsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye ragowar shekarunsa na wasa. Ya yi shi ne a matsayin mai horar da sojoji motsa jiki, kuma a can ya haɗu da wani ɗan Wales mai suna Jimmy Murphy, wanda daga baya ya zama hannun damansa. Da ya karɓi aikin United a Oktoban 1945, ƙungiyar na fama da bashi, filinta na Old Trafford kuma bama-baman Jamus sun ragargaza shi tun 1941, aron filin City na Maine Road take yi har zuwa 1949. Duk da haka Busby ya gindaya sharuɗɗan da ba a saba ji ba a wancan zamani: kwantiragin shekara biyar, kuma shi zai zaɓi 'yan wasa, shi zai saya, shi zai sayar, ba tare da daraktoci sun sa masa hannu ba. Ikon da koci ke da shi a Ingila daga baya, wani ɓangarensa daga nan ya samo tushe.

Ya ci Kofin FA a 1948 da lig a 1952, amma da tsofaffin hannu. Da ƙarfinsu ya fara ja baya, sai ya juya ga yaran da shi da Murphy da Bert Whalley suke reno tun suna barin makaranta. Yaran United sun ci kofin matasa na FA sau biyar a jere, daga 1953 zuwa 1957. Duncan Edwards yana ɗan shekara 16 ya fara buga wa babbar ƙungiya. Eddie Colman da David Pegg da Liam Whelan da Bobby Charlton duk ta wannan hanya suka fito. Kaɗan ne aka sayo, kamar Tommy Taylor, wanda aka ɗauko daga Barnsley kan fam 29,999; Busby ya rage fam ɗaya da gangan don kada a ɗora wa yaron nauyin sunan ɗan wasan fam dubu talatin. Jaridu suka laƙaba musu Busby Babes, wato jariran Busby. A 1956 suka ci lig da tazarar maki 11, matsakaicin shekarunsu kusan 22, suka sake ci a 1957.

Cin kofin 1956 ne ya kawo gayyatar Turai. Hukumar lig, wadda Alan Hardaker ke da babbar murya a cikinta, ta sake nuna ƙin amincewa, hujjarta ita ce tafiye-tafiyen za su dagula jadawalin wasannin gida. Busby ya shawo kan shugabannin ƙungiyarsa, ya kuma samu goyon bayan Stanley Rous na hukumar FA, suka shiga. A kakar farko sun zura wa Anderlecht ta Beljiyom ƙwallo 10 ba ko ɗaya, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Real Madrid ta su Alfredo Di Stéfano ta cire su da 5-3 jimillar wasa biyu. Busby ya fito daga wannan karawa da yaƙinin cewa shekara ɗaya ko biyu kawai yaransa ke buƙata su kamo Madrid.

Kakar 1957-58 ta fara da sauƙi. Gasar a lokacin ta sili-ɗaya-ƙwale ce tun daga farko, gida da waje, babu rukuni. United ta doke Shamrock Rovers ta Ireland 6-0 a Dublin da 3-2 a gida. A zagaye na gaba ta ci Dukla Prague 3-0 a Old Trafford, aka ci ta 1-0 a Prague. Wannan tafiya ta Prague ce ya kamata mai karatu ya riƙe. A hanyar dawowa hazo ya rufe sararin Ingila, aka karkatar da tawagar ta Amsterdam, suka iso a gajiye daf da wasansu na lig da Birmingham. Hukumar da tun farko ba ta so su tafi ba, babu wanda ke tsammanin za ta yi musu uzuri idan suka makara. Don haka da ƙuri'a ta haɗa su da Red Star Belgrade ta Yugoslabiya, sai ƙungiyar ta yi hayar jirgi sukutum daga kamfanin British European Airways, domin a buga ranar Laraba, a dawo Alhamis, a fuskanci Wolves da ke saman teburi ranar Asabar.

Sun ci wasan farko 2-1 a Manchester. Ranar 1 ga Fabrairu, 1958, suka doke Arsenal 5-4 a Landan, wasansu na ƙarshe a ƙasar Ingila. Ranar 5 ga wata a Belgrade suka tafi hutun rabin lokaci da ci 3-0, Dennis Viollet ɗaya, Charlton biyu. Red Star ta farke duka ukun, aka tashi 3-3, United ta haye da 5-4.

Washegari jirgin ya sauka a Munich ta Jamus ta Yamma don shan mai, dusar ƙanƙara na zuba. Sau biyu matuƙan suka ɗauki hanyar tashi suna fasawa saboda injin na nuna matsala. Fasinjoji suka koma ɗakin jira, ba a jima ba aka sake kiran su. A yunƙuri na uku, da misalin ƙarfe uku na rana, jirgin ya kasa kai gudun da zai ɗaga shi, ya zarce ƙarshen titin, ya ɓalle shinge, ya daki wani gida. Cikin mutum 44 da ke ciki, 23 suka rasa rayukansu. Akwai 'yan wasa bakwai da suka mutu nan take: kyaftin Roger Byrne, Geoff Bent, Eddie Colman, Mark Jones, David Pegg, Tommy Taylor da Liam Whelan. Duncan Edwards ya yi kwana 15 yana fama a asibiti, ya cika ranar 21 ga Fabrairu yana da shekara 21. Sakataren ƙungiya Walter Crickmer da masu horarwa Tom Curry da Bert Whalley sun tafi, haka 'yan jarida takwas, ciki har da Frank Swift, tsohon golan Ingila wanda suka ci kofin 1934 tare da Busby a City. Gola Harry Gregg, wanda watansa biyu kacal da zuwa United, ya koma cikin tarkacen yana janyo mutane, har da wata mata da jaririyarta.

Binciken Jamusawa ya ɗora laifi kan matuƙin, James Thain, cewa bai sa an kankare ƙanƙara daga fukafukan jirgin ba. Sai bayan shekara goma da wani abu binciken Birtaniya ya wanke shi, ya gano cewa narkakkiyar ƙanƙarar da ta taru a kan titin ce ta rage wa jirgin gudu. Kafin nan ya rasa aikinsa, bai kuma sake tuƙa jirgin fasinja ba.

Busby ya samu munanan raunuka a ƙirji da ƙafa. A asibitin Rechts der Isar, sau biyu aka yi masa addu'ar da mabiya ɗariƙar Katolika ke yi wa wanda ake ganin yana bakin mutuwa. An ɓoye masa labarin yaransa na makonni, sai daga baya matarsa Jean ta sanar da shi. Ya ƙudurta barin ƙwallo baki ɗaya, domin a ganinsa shi ne ya nace aka shiga Turai, kuma yana cikin jirgin bai hana a yi yunƙuri na uku ba. Duk mai adalci zai ce tashi ko fasa tashi hukuncin matuƙi ne, kuma matsin da ya sa aka yi hayar jirgin daga ofishin hukumar lig ya fito. Amma wanda ya je gidajen iyaye ya karɓo yara 'yan shekara 15 da alkawarin zai kula da su, irin wannan lissafi ba ya sanyaya masa zuciya. Jean ce ta lallashe shi ya koma, da hujjar cewa waɗanda suka rasu ba za su so ya ajiye aikin ba. Ya bar Munich cikin Afrilu, ta jirgin ƙasa da na ruwa.

Kakar kuwa ba ta jira kowa ba. Jimmy Murphy bai yi tafiyar Belgrade ba, domin shi ne kocin Wales, kuma a ranar yana Cardiff wajen wasan neman gurbin Kofin Duniya da Isra'ila; Whalley ne ya zauna a kujerar da ya saba zama kusa da Busby. Murphy ya haɗa ƙungiya daga yaran ajiya da 'yan wasa biyu da aka sayo cikin gaggawa. Kwana 13 bayan haɗarin suka fito wasan Kofin FA da Sheffield Wednesday, takardar jadawalin wasan babu sunaye a gefen United saboda ba a san wa zai buga ba lokacin da aka buga ta. Gregg da Bill Foulkes, waɗanda suka fito daga cikin tarkacen, suna cikin fili. Suka ci 3-0. Sun kai har wasan ƙarshe a Wembley, Busby na zaune a gefe da sandunansa, Bolton ta doke su 2-0. A lig wasa ɗaya tak suka ƙara ci, suka ƙare a na tara.

A Turai, AC Milan ke jiran su. Sun ci ta 2-1 a Old Trafford ranar 8 ga Mayu, ta rama da 4-0 a San Siro. Real Madrid ta doke Milan 3-2 bayan ƙarin lokaci a Brussels, ta ɗauki kofin karo na uku a jere. Hukumar UEFA ta gayyaci United ta shiga gasar kaka mai zuwa don girmamawa, mahukuntan ƙwallon Ingila suka hana, bisa dalilin cewa ba ita ce zakarar ƙasa ba.

Akwai wani ɓangare da masu yabon wannan tarihi kan tsallake. Johnny Berry da Jackie Blanchflower sun tsira da rai, amma raunukansu ba su bar su sun sake buga wasa ba, kuma ba a daɗe ba suka bar gidajen da ƙungiyar ta ba su. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira da iyalan mamatan sun daɗe suna ƙorafin cewa an yi watsi da su. Busby ne mai faɗa a ji a ƙungiyar a tsawon waɗannan shekaru, don haka wani kaso na wannan zargi dole ya hau kansa.

Shekara goma ya ɗauka yana sake gini. Ya sayo Denis Law daga Torino a 1962, George Best ya taso daga cikin yara, Charlton ya zama ginshiƙi. Kofin FA ya zo a 1963, lig a 1965 da 1967. A 1966 sun je Lisbon sun ci Benfica 5-1, sai ga shi Partizan, wata ƙungiyar Belgrade, ta cire su a wasan kusa da na ƙarshe, abin da ya sa Busby ya fara ɗebe tsammani. A 1968 suka sake haɗuwa da Real Madrid a wannan mataki. Sun ci 1-0 a gida, a Madrid ana cin su 3-1 a rabin lokaci, suka farke zuwa 3-3, kuma Bill Foulkes, ɗan baya mai shekara 36 da ba a san shi da cin ƙwallo ba, shi ya ci ta ƙarshen. Ranar 29 ga Mayu, 1968, a Wembley, United ta doke Benfica 4-1 bayan ƙarin lokaci: Charlton biyu, Best ɗaya, Brian Kidd ɗaya a ranar da ya cika shekara 19. Ita ce ƙungiyar Ingila ta farko da ta ɗauki kofin, shekara guda bayan Celtic ta Scotland. Charlton da Foulkes ne kaɗai a filin daga cikin fasinjojin Munich. A wannan shekara Sarauniya Elizabeth ta ba Busby lambar girma ta Sir.

Ya sauka daga aikin koci a 1969, ya dawo na ɗan lokaci daga ƙarshen 1970 zuwa 1971 bayan an sauke magajinsa Wilf McGuinness. Zamansa a ƙungiyar a matsayin darakta ya yi wa waɗanda suka biyo baya nauyi, United ta faɗa rukuni na biyu a 1974, ta kuma yi shekara 26 ba ta ci lig ba. Ya rayu har ya ga Alex Ferguson, wani ɗan Scotland kamarsa, ya dawo da kambun a 1993. Ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1994, yana da shekara 84, aka binne shi a Manchester kusa da Jean, wadda ta riga shi a 1988.