Nana Asma'u 'Yar Shehu: Matar Aure, Malama, Mai Bincike

Sau da yawa idan na yi wa ɗalibaina na ajin matan aure maganar ci gaba da karatu, sai su ce ai hidimar gida da ta yara ta riga ta rufe wannan ƙofa. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi rayuwar uwarmu Nana Asma'u, Allah Ya jiƙanta.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. A gidan mahaifinta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da sufanci. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, wato ke nan cikin ƙaura da yaƙi ta girma, amma allonta bai bushe ba.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ga miji mai hidimar jama'a, ga 'ya'ya, ga baƙi ba dare ba rana. Duk da haka, bayan rasuwar Shehu a 1817 ta tsaya wajen tattara rubuce-rubucensa da tsara su don kada su salwanta. Ita kanta ta bar rubuce-rubuce kusan 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa.

Ba ta bar ilimin a gafaka ba. Ta kafa 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ɗora mata malafa da jan rawani. Jaji kan rako 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka zuwa Sakkwato su ɗauki karatu, su koma su karantar da matan auren da ke cikin gida. Kun ga tun wancan lokaci ba a manta da irinmu ba.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Zuriyarta suka adana takardunta, har Waziri Junaidu ya buɗe wa Jean Boyd, wata 'yar Ingila, taskarsa. Ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukan Nana a 1997.

To 'yan uwa, baƙi sun zo daga nesa sun yi nazari a kanta, mu fa? Jami'ar da aka kafa a garin nan a 1975, wadda aka sa wa sunan mahaifinta a 1988, tana da sassan Larabci da addinin Musulunci da tarihi da harsunan Nijeriya. Wadda take da takardun sakandare ta zauna da maigida cikin ladabi su tattauna. Wadda ba ta da su, ga Islamiyya nan kusa da gida.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.